Mutum na Uku

Mako biyu, na ce wa yaron shagona a Damagaram,
riƙe makulli, zan kai Inna asibitin ido in dawo.
Yau wata goma sha ɗaya.
Likitan Mando yana ta ɗaga ranar aiki,
sai jini ya sauka tukuna, sai sukari ya kwanta tukuna.

Kuɗin keke ya cinye rabin guzurinmu.
Ranar da ruwa ya tsare mu ƙarƙashin gadar Kawo,
Inna tana rawar ɗari, hannunta cikin nawa,
na ce da kaina, sai na sayi mota.

Tsohuwa ce, ja, ƙofar baya sai da lallashi.
Ɗanliti dillali ya rantse ta wani malamin firamare ce,
daga gida sai aji, daga aji sai masallaci.
Na canza sefa ta koma naira,
ta cika leda, ta kasa cika ciniki.
Isiyaku na Panteka ya kwanta ƙarƙashinta,
ya fito yana goge hannu da tsumma:
inji zai kai ka, ƙafa kuwa sai addu'a.

Sai takardu.
Ofishin inshora yana bene, saman mai sayar da taya.
Rifkatu ce a teburin, biro soke a kitsonta.
Ƙasa? Na ce Nijar.
Ta ɗago kai: ai Hausarka ta fi tawa.
Adireshin dindindin?
Na yi shiru.
Ɗakin haya ne a Rigasa, bayan mai niƙa, ba lamba,
gidan da ya san ni kuma yana bayan iyaka.
Dindindin, in ji takarda.
Wa ya taɓa samunsa?
Mai gidan hayarmu ya tsaya mini,
ya sa hannu bai ko nemi tabarau ba.

Ta ce iri biyu ce.
Babba tana rufe ka, kai da motarka,
ƙarama ta mutum na uku ce.
Na ce wane ne shi?
Ta ce wanda ba ka sani ba,
wanda, Allah ya kiyaye, za ka iya bugewa.
Kai na ɗaya, mu na biyu, shi na uku.
Aljihuna ya riga bakina zaɓa.

Tun ranar nake ganinsa.
Shi ne mai lemo da ke tura baro a shataletale,
ita ce 'yar makaranta da ke tsallake titi ba waiwaye,
shi ne ɗan acaba, buhun gawayi biyu a bayansa.
Na biya kuɗi dominsu, ba su san sunana ba.
Ina taka burki da wuri.

Wani dare na fita sayen magani a ƙafa,
fitilar wata mota ta haske ni, ta tsaya cak.
Na ji iskarta a gwiwata.
Ashe a aljihun motar nan ma akwai takarda,
wani ya hau bene ya biya domina,
ni, baƙon da ba shi da lambar gida.

Jiya aka cire wa Inna bandeji.
Na riƙe gwiwar hannunta har bakin ƙofa,
ta janye, ta ce bari.
Ta daɗe tana duban motar.
Ashe ja ce?
Duk wannan ƙarar daga ita kaɗai take fita?

Saura wata biyar a takardar.
Tsallaka iyaka da ita wani dogon layi ne,
Ɗanliti kuma ya taya rabin kuɗi, ya ce ƙafa ta mutu.
Ban ce na sallama ba.
Inna ta shige gaba ta zauna,
tana karanta mini duk allon da muka wuce.